Idan ƙarfin igiya da nauyin kaya sun yi kunnen doki, me ke kai kayan sama?

Na_Bencin_Baya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta hana ni sakat tun ranar da aka dawo mana da takardun gwajin fiziks. Na fi so in yi ta a nan, don a aji in ka ɗaga hannu sau biyu a kan abu ɗaya sai a fara waiwayowa ana kallonka.

Ga yadda aka ba mu ita. Akwati mai kilo 15, an ɗaure shi da igiya ana jan sa sama a tsaye, yana tafiyar mita 2 a kowace daƙiƙa, gudun ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da ƙarfi nawa igiyar take jan sa? A ɗauki g, wato yawan gudun da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa a kowace daƙiƙa, a matsayin 9.8.

Ni ga abin da na yi. Na ce nauyin akwatin 15 sau 9.8, wato niyuton 147 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). To amma wannan ai abin da zai riƙe shi a rataye ne kawai. Tunda sama yake tafiya, dole a ɗora wani abu a kai. Sai na jawo dokar motsi ta biyu ta Niyuton, F = ma (F ƙarfi, m kilon abu, a sauyin gudu), na ce 15 sau 2 ya ba da 30, na tara, na rubuta 177. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin amsar saboda daɗi. Takarda ta dawo da jan biro: 147, a gefe kuma an rubuta "a = 0". Maki 4 suka bi ruwa.

Na ga kuskurena guda: 2 ɗin nan gudu ne, ba sauyin gudu ba, bai kamata in sa shi a wurin a ba. Wannan na yarda. Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne amsar kanta. Ƙasa na jan akwatin da 147, igiya na jan sa da 147. Kunnen doki ke nan. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, ai babu mai matsawa. To wa ke kai akwatin sama? Kuma ni da hannuna na sha jawo guga cike da ruwa, na san riƙe shi daban, jawo shi daban, jawowar ta fi ci. Ko dai littafi ne yake magana a kan wata duniyar da ba wannan ba?

Kada a ce mini "haka dokar take". Na haddace ta, haddar ce ma ta kai ni ga 177.

Sarkin_Gardama ya rubuta:

Ɗan'uwa kana da gaskiya. Dole ƙarfin igiya ya ɗara nauyi ko da da ƙiris ne, in ba haka ba kayan tsayawa zai yi cak. Malamai suna share ƙiris ɗin ne don lissafi ya yi sauƙi. A jarrabawa ka rubuta musu 147 ka karɓi makinka, a ranka ka san 147 da ɗoriya ne.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bi shawarar da aka ba ka a sama. Babu wani ƙiris da aka share. 147 ne cif.

Da farko ka kwantar da hankalinka, abin da ka ji a ranka ba wauta ba ne. Aristotil, masanin falsafar Girka, ma haka ya ɗauka, cewa duk abin da ke tafiya sai da mai tura shi, kuma mutane suka zauna a kan wannan kusan shekara dubu biyu. Ibn Sina yana cikin waɗanda suka ja da maganar: ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata a jikinsa, wanda ba zai gushe da kansa ba in babu abin da ya tare shi. Galileo ya matsar da batun gaba da gwaje-gwajensa, sannan Niyuton ya ɗaure shi a littafinsa Principia a 1687. Shi ma ba F = ma ya rubuta ba, da kalmomi ya faɗa, cewa sauyin motsi yana daidai da ƙarfin da aka ɗora. Wannan siffar ta haruffa ta zo daga baya, ta hannun masanin lissafi Euler, wajen 1750.

Ka lura da kalmar: sauyin motsi. Ba motsi ba. Dokar ba ta ce ƙarfi ne ke sa abu tafiya ba. Cewa ta yi ƙarfi ne ke sauya tafiyar. Kuma F ɗin da ke ciki ba ƙarfin igiya ba ne, jimlar duk ƙarfin da ke aiki a kan akwatin ne bayan an cire na ƙasa daga na sama. Shekarun da na yi ina koyarwa, da ɗalibai za su riƙa rubuta "jimla" a gaban F ɗin nan, da rabin jan birona bai ƙare ba.

Misalinka na masu jan igiya, ka ɗauka a tsaye suke tun farko. Kunnen doki ba ya cewa "tsaya". Cewa yake "zauna yadda kake". Wanda yake tsaye ya zauna a tsaye, wanda yake tafiya ya ci gaba da tafiyarsa da gudun da yake kai.

Bari mu bi akwatinka tun daga ƙasa, don tambayar da aka ba ku ta kama shi ne a tsakiyar hanya. Yana ajiye, gudunsa sifili. Ka ce cikin daƙiƙa ɗaya aka kai shi ga mita 2 a daƙiƙa. A wannan daƙiƙar a = 2, don haka, in T ne ƙarfin igiya,

T − mg = ma
T = 147 + 30 = 177

Ka ga amsarka ta fito. Ba ƙarya ka rubuta ba, amsar wata tambayar ce da ba a yi maka ba. A daƙiƙar farko igiya ta fi nauyi da 30, kuma wannan rarar ce ta sayo wa akwatin gudunsa. Da ya samu gudun, ba ya bukatar a ci gaba da biyan sa. Abin da ya rage kawai a hana ƙasa ƙwace masa shi, wato a soke 147 ɗinta da wani 147. Sannan da aka kusa kaiwa sama aka so a tsayar da shi cikin daƙiƙa ɗaya, sai a sassauta igiya zuwa 117. Yanzu ƙasa ce ta fi da 30, ita za ta cinye gudun. Duba da kyau: a wannan daƙiƙar ta ƙarshe igiya ta gaza nauyi, amma har yanzu akwatin sama yake tafiya.

177, 147, 117. Duk ukun sama yake tafiya.

Ga mai cewa sai da ɗoriya: a ce ɗoriyar niyuton 1 ce tak, kuma ba a cire ta ba. a zai zama 1 raba 15. Kaɗan ne, amma ba ya tsayawa. Bayan minti ɗaya akwatin ya ƙara mita 4 a daƙiƙa a kan gudunsa, ya koma 6. Tambayar kuwa ta ce gudun ba ya ƙaruwa.

Wani abu kuma da nake zargi yana rikita mu: kalmar nauyi. Da ita muke kiran kilo 15, da ita muke kiran niyuton 147. Kilo 15 shi ne mas, yawan abin da ke jikin akwatin, kuma shi ne ma'aunin taurin kansa wajen sauya gudu. 147 kuwa jan da duniya take yi masa ne. Kai shi duniyar wata, inda g yake wajen 1.6, nauyin ya koma kamar 24, amma 30 ɗin nan da ake bukata don a ƙara masa gudu tana nan daram. Kuma don Allah a daina kiran wannan jan "maganaɗisun ƙasa". Maganaɗisu ba ya jan katako, ƙasa kuwa ba ta ware kowa.

Sarkin_Gardama ya rubuta:

To Malam, iska fa? Iska ai tana tare shi. Ka ga dole a ƙara.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Tana tarewa, kuma in igiyar tana goga da wani abu shi ma yana ci. Sai a jera su a gefen masu ja ƙasa, igiya ta biya su duka. Jimla dai sifili take komawa. Ƙarin na iska ne, ba na tafiya ba. Kuma a gudun mita 2, abin da iska take yi wa akwati irin wannan da ƙyar ya kai niyuton ɗaya.

'Yar_Lab ta rubuta:

Ƙanina, gani ya kori ji. Ka samu sikelin auna mutum, irin mai allura, ka shiga lifta da shi. Na ce mai allura don mai lambobi yana kama adadi ɗaya ya daskare a kai, ba zai nuna maka komai ba. Haka na ɓata hawa uku kafin in gane.

Ni kilo 60 nake. Na hau sikelin, ƙofa ta rufe, allura tana kan 60. Da liftar ta tashi sai na ji gwiwoyina sun ɗan lanƙwashe, allura ta zabura ta kai wajen 66, ta yi kamar daƙiƙa ɗaya da wani abu a can, sai ta sulalo ta dawo 60. Nan ne abin yake. Ana ta wuce hawa, lambobin saman ƙofa suna canzawa, na huɗu, na biyar, na shida, allura kuwa tana kan 60 kamar a ɗakina nake tsaye. Da na rufe ido ba zan iya rantsewa muna tafiya ba. Dab da tsayawa cikina ya yi wani iri, allura ta faɗo wajen 54, sannan ta koma 60.

Sikeli ba mas ɗinka yake aunawa ba, ƙarfin da yake tura tafin ƙafarka da shi yake aunawa, sai ya raba da 9.8 ya rubuta maka da kilo. Wato shi ne igiyar a nan. 66 na nufin kamar niyuton 647, nauyina kuwa 588. Rarar 59, ka raba da 60, ka ga liftar tana ƙara kusan mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa.

Da za mu sauko abin ya juya: 54 a farko, 60 a tsakiya, 66 wajen tsayawa. Ka riƙe wannan na ƙarshen, yana kayar da mutane a jarrabawa. Ƙasa kake tafiya amma sauyin gudun, wato a, sama yake kallo, saboda birki ake ci.

In igiyar lifta ta tsinke gaba ɗaya, Allah ya kiyaye, kai da sikelin tare za ku faɗo da 9.8, allura ta koma sifili. Halin da 'yan sama jannati suke ciki ke nan a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tana nesa da mu da kamar kilomita 400 ne kawai, g a can wajen 8.7 ne, bai ragu sosai ba. Faɗowa suke yi dare da rana, su da tashar tare, sai dai gudun da suke yi ta gefe ya sa kullum suna kuskuren ƙasa.

Wani dattijo ya shigo ya same ni a kan sikelin a hawa na uku. Bai ce komai ba, amma har ya fita yana kallona.

Mai_Ƙugiya ya rubuta:

Ni ban yi karatun nan mai zurfi ba, injin ɗaga kaya nake tuƙawa, shekara goma sha wani abu. Amma abin da Malam ya faɗa shi muke ci da shi.

Kaya ba ya tsinka waya yana tsakiyar tafiya. Ban taɓa gani ba, sai dai in wayar dama ta ci. Wuri biyu ne ake jin tsoro: lokacin da kaya zai bar ƙasa, da lokacin da kake saukewa ka taka birki da ƙarfi.

Ina sabon shiga na taɓa yin wautar. Kaya ne mai kilo 500, an ɗaure shi da majanyi, majanyin ya yi sako-sako a ƙasa. Maimakon in ja a hankali har ya miƙe in ji nauyin ya hau, sai na ba injin wuta. Ƙugiya ta riga ta ɗau gudu kafin majanyin ya miƙe. Ƙarar da na ji kamar an harba bindiga. Kayan ko taku ɗaya bai tashi ba, majanyin ya rabu biyu, ɓarin ya yi bulala ya wuce ta gefen kan wani yaro da ke ba ni hannu. Allah ne ya tsare. Da na sauko ƙafafuna rawa suke yi. Ogan namu bai zage ni ba, ya ɗauko guntun majanyin ya miƙo mini, ya ce in ajiye a cikin motar inda zan riƙa ganin sa.

Daga baya wani injiniya ya buga mini lissafin a bayan kwali. Kilo 500 nauyinsa niyuton 4,900. In ka tilasta masa ya tashi daga tsaye zuwa mita 1 a daƙiƙa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, a ya zama 10. 500 sau 10, 5,000. Ka tara, 9,900. Kayan ya ninka kansa ba tare da an ƙara masa ko tsinke ba. In fizgar ta fi haka gajarta, ninkin ya fi haka. Shi ya sa abin da ake rubutawa a jikin waya ko majanyi cewa zai ɗauka yake ƙasa sosai da abin da zai tsinka shi.

Batun gugarka kuwa, ka kalli hannunka in kana ja. Ba injin ba ne kai. Ka ja da dama, ka tsaya, ka kama da hagu, ka sake ja. Kowane ja sabon tashi ne, kullum kana cikin daƙiƙar farkon nan ta Malam. Shi ya sa ka ji ya fi riƙewa ci.

Na_Bencin_Baya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Yaya, da Oga mai ƙugiya. Maganar hannu dama da hagu ce ta fara buɗe mini kai, don ita ce ta taɓa abin da jikina ya sani.

Ban samu lifta ba, amma na yi nawa gwajin. Na cika gorar roba da ruwa lita ɗaya da rabi, wato wajen niyuton 15, na ɗaura mata zaren ɗinki a wuya. Zare ɗaya ya tsinke tun kafin ta tashi, sai na riɓa shi biyu. Na ɗaga a hankali, ta tashi, na kai ta har saman kaina, zaren bai ce komai ba. Na ƙara sauri kaɗan kaɗan, yana riƙe. Na ajiye ta, na fizga: tas! Gorar ko motsi ba ta yi ba, zaren ne a hannuna. Sau uku na maimaita. Na huɗun na gwada na saukarwa, na sake ta tana sauka da sauri na tsayar da hannuna farat ɗaya. Ya tsinke, gorar ta fashe a kan littafin da nake lissafi a ciki. Yanzu yana kan taga yana shan iska.

Saura abu ɗaya, Malam. In jimlar ƙarfi sifili ce a tsakiyar tafiya, to wahalar da nake sha ina take zuwa? Sifili sau komai ai sifili ne.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Jimla ce sifili, ɗana, naka ƙarfin ba sifili ba ne. Kana jan 147, kuma akwatin yana tafiya ta inda kake ja. In ka kai shi mita 10 sama, ka yi aikin 147 sau 10, jul 1,470 (jul shi ne ma'aunin aiki). Ƙasa kuma ta yi nata aikin a kishiyance, daidai wannan adadin. Shi ya sa gudun bai ƙaru da komai ba. Amma wahalarka ba ta ɓace ba, an ajiye ta ne a tsayin da akwatin ya kai. Yanke igiyar ka ga yadda za ta fito: zai iso ƙasa da gudun mita 14 a daƙiƙa.

A nan ne kuma 2 ɗinka take da amfani. 147 sau 2 ya ba da wat 294, yawan aikin da kake yi a kowace daƙiƙa. Mai ɗagawa da gudun mita 1 shi ma 147 yake ja, amma rabin wat ɗinka yake kashewa. Don haka in ka ce ɗagawa da sauri ta fi cin rai, ba ka yi ƙarya ba. Ba a ƙarfin igiya bambancin yake ba, a nan yake.

Tunda kana son 177 ɗinka, ga wani da ya yi tarayya da kai. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969, mas ɗinta wajen tan 2,900 ne a cike, nauyinta ya haura niyuton miliyan 28. Injinanta biyar suna tura kamar miliyan 34. Kusan duk wannan rugugin yana tafiya ne wajen soke nauyi. Rarar da ta saura, in ka raba da mas, wajen mita 2 ne a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, daidai da akwatinka a daƙiƙarsa ta farko. Shi ya sa in ka kalli hoton tashinta za ka ga kamar ba ta son barin ƙasa. Sai dai tana ƙona wajen tan 13 na mai da oksijin a kowace daƙiƙa, m yana ta raguwa, a yana ta hawa.

Ga aikin gida. Akwatin nan dai, yanzu saukar da shi ake yi da gudun mita 3 a daƙiƙa, aka tsayar da shi cikin rabin daƙiƙa. Igiyar kuma niyuton 220 take iya ɗauka. Za ta rayu?

Na_Bencin_Baya ya rubuta:

Gudu ya tashi daga 3 zuwa sifili cikin 0.5, a = 6. Na farko hannuna ya so ya rubuta 147 − 90, don ƙasa yake tafiya, sai na tuna allurar Yaya a kan 66. Birki ne, a ɗin sama yake kallo. 147 + 90 = 237. Ta wuce 220, igiya ta tafi.

Na kuma juya lissafin: 220 − 147 = 73, raba da 15, a ba zai wuce 4.87 ba. Wato in mai riƙe da igiyar ya ba ta daƙiƙa 0.62 maimakon 0.5, da kyar za ta sha.

Mai_Ƙugiya ya rubuta:

A takarda za ta sha. In a wurin aikina ne, daƙiƙa biyu zan ba ta, kuma in ce kowa ya matsa daga ƙarƙashi.